CIWON SUKARI: Ko Itatuwan Rano Da Kibiya Za Su Ba Da Maganin Gobe?

Duk wanda ya saba shiga kasuwannin ƙasar Rano da Kibiya ranar da suke ci, ba zai rasa ganin wani dattijo zaune a gefe guda ba, ya shimfiɗa buhu ko tabarma, ya jera ƙulle-ƙullen saiwoyi da sassaƙe da garin ganye iri-iri. A da can, galibin masu tsugunawa gabansa maganin shawara suke nema, ko na basir, ko kuwa na ciwon cikin yara. A 'yan shekarun nan wata tambaya ta ƙaru, watau ko akwai na sukari. Amsa kuwa ita ce akwai. Sai ya ɗauko sassaƙen marke ko na danya, ya haɗa da busasshen ganyen shuwaka, ya ce a jiƙa ko a dafa, a sha safe da yamma.

To, ga abin mamaki. A daidai lokacin da ake wannan ciniki, akwai masana a jami'o'in Indiya da Amurka da Masar, har ma da na nan Nijeriya, waɗanda su ma irin ganyayen nan suke tafasawa cikin ɗakunan gwaje-gwaje. Sai dai su ba sha suke yi ba. Suna amfani da ruwan ganyen ne wajen ƙera wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya iya gani, waɗanda ake kira ƙwayoyin nano, bisa fatan wata rana su zama maganin ciwon sukari. Labarin wannan bincike ya fara shigowa ƙauyuka ta wayoyin hannu, kuma kamar yadda aka saba, yakan iso da ƙarin gishiri. Saboda haka ya kyautu jama'a su san iyakar inda aikin ya kai, don kada wani ya yar da maganin da ke riƙe da ransa saboda wanda bai riga ya samu ba.

YADDA CUTAR TAKE

Duk abincin da mutum ya ci mai sitaci, ko tuwon dawa ne, ko shinkafa, ko rogo, ciki yakan narkar da shi ya mai da shi sukari, sa'an nan sukarin ya bi jini ya zaga jiki. Akwai wata tsoka kwance a bayan tumbi, likitoci suna ce mata fankiriyas, ita ke fitar da wani sinadari mai suna insulin. Aikin insulin kamar na mabuɗi ne, shi ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsokar jiki ya zama ƙarfi. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko kuma jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru cikin jini. Wannan shi ne ciwon sukari.

Cutar iri biyu ce manya. Iri na farko ya fi kama yara da matasa, jikinsu ya daina yin insulin gaba ɗaya, kuma ba su da wata mafita sai allura kullum. Iri na biyu shi ya fi yawa, domin cikin masu ciwon goma, tara ko fiye shi ke damunsu. Ya fi zuwa wa manya, musamman masu ƙiba da masu gadon cutar da waɗanda ba su motsa jiki. Alamunsa sanannu ne: yawan fitsari, ƙishirwa marar yankewa, rama ba dalili, kasala, da gyambon da ya ƙi warkewa. Tsoffin likitocin Indiya, tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce, sun lura tururuwa na taruwa a kan fitsarin mai cutar, kuma har gobe da wannan alama mutanen karkara da yawa suke fara shan jinin jikinsu. Mugun halin cutar shi ne takan yi shekaru tana ɓarna a ɓoye. Kafin a farga ta taɓa ido, ta taɓa ƙoda, ta kashe jijiyoyin ƙafa har ƙaya ta soki manomi a gona bai ji ba, daga nan sai gyambo, wani lokaci har a kai ga yanke ƙafar.

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 manyan mutane miliyan 589 ne ke ɗauke da cutar a faɗin duniya. A ƙiyasinta na 2021 ta ba Nijeriya mutum miliyan 3.6, ta kuma ce fiye da rabin masu cutar a Afirka ba su ma san suna da ita ba. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta sa aka yi a 1992, a ƙarƙashin jagorancin Shaihun Malami Akinkugbe, ya sami kashi 2.2 cikin 100. Amma a 2018, Shaihun Malami Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, shi da abokan aikinsa, sun tattara binciken da aka yi a sassa daban-daban na ƙasar nan, suka sami kusan kashi 6 cikin 100, watau mutum wajen miliyan 11. Shiyyar Arewa maso Yamma ita ce mai mafi ƙaranci, da kashi 3 cikin 100.

Kada mai karatu ya raina kashi 3 ɗin nan. A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Rano tana da mutum fiye da 145,000, Kibiya kuma fiye da 136,000, kuma jama'a ta ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Ko da wannan ƙaramin kason aka yi lissafi da shi, mutum dubbai ake magana. Bugu da ƙari, zaman karkara ya sake. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya kafu a ƙasar Kura da Bunkure, shinkafa ta zama abincin yau da kullum a gidajen da da sai ranar salla. Taliya da burodi da lemon kwalba sun shiga kowane lungu, babur kuma ya karɓe tafiyar da a da ake yi a ƙafa.

ABIN DA KE CIKIN DAJI

Dogaro da itatuwa ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma a tarihin da aka gada ita da Kano ake kira sarakunan baba, saboda shahararsu a kan noman baba da rini. Mutanen da suka san ganyen da ke ba da shuni, ba za su jahilci wanda ke ba da magani ba. Daga Rurum zuwa Saji, daga Tarai zuwa Durba, da wuya a sami unguwar da ba ta da wanzami ko maharbi ko tsohuwar ungozoma da ake zuwa wurinsu neman taimako.

Masana sun daɗe da gane darajar wannan sani. Wani likita Bature, Dalziel, ya buga ƙamus na sunayen itatuwa da tsirrai da Hausa tun 1916. A tsakanin 1975 da 1976 kuma wasu masana biyu daga Amurka, Nina Etkin da Paul Ross, sun zauna a wani ƙauye kudu maso gabas da birnin Kano, suka rubuta ɗaruruwan tsirran da ake magani da su, suka kuma lura cewa da yawansu abinci ne a lokaci guda. Daga baya malaman jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun zaga wurin masu maganin gargajiya suna tambayar abin da suke bayarwa na sukari. Sunayen da suke ta maimaituwa su ne zogale, shuwaka, garafuni, darbejiya, marke, danya, sabara, bagaruwa, yaɗiya da kauci, sai kuma hulba da tafarnuwa na kasuwa.

An gwada da dama daga cikin waɗannan a jikin ɓerayen da aka sa wa ciwon sukari da gangan, kuma sau da yawa an ga sukarin jininsu ya sauka. Ashe ke nan dattijon kasuwa ba tatsuniya yake sayarwa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen awo. Sassaƙen da aka saro da damina ba ɗaya yake da na bazara ba wajen ƙarfi. Itacen da ya tsiro a fadama ya bambanta da na kan tudu. Tafin hannun wannan mai magani ya fi na wancan faɗi, kofin wani gida ya fi na wani zurfi. Mai ciwo ba shi da hanyar sanin ko abin da ya sha yau ya kai na jiya, ko ya ninka shi. Har ila yau, da yawa daga cikin sinadaran da ke da amfani a ganye ba sa narkewa sosai a ruwa, wasu kuma ruwan ciki ke lalata su, ɗan kaɗan ne ke isa cikin jini. Waɗannan matsaloli biyu, na awo da na isar da magani inda ake bukata, su ne masu binciken nano suke cewa za su iya warwarewa.

MENE NE ƘWAYOYIN NANO

Idan aka ɗauki milimita ɗaya, watau ɗan tsagin nan mafi ƙanƙanta a jikin rular 'yan makaranta, aka raba shi gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai nanomita wajen 80,000. Ƙwayar jan jini guda tana da faɗin nanomita wajen 7,000. Su kuwa ƙwayoyin nano, galibi daga nanomita 1 zuwa 100 suke. Idan abu ya ƙanƙance haka, halinsa yakan sake. Zinariya da kowa ya sani rawaya, idan aka mai da ita ƙwayoyin nano cikin ruwa ja take komawa. Kuma kamar yadda dakakken gishiri ya fi dunƙulensa saurin narkewa a miya, haka waɗannan ƙwayoyi suka fi saurin cuɗanya da abin da suka tarar, suna kuma iya ratsa wuraren da babban abu ba ya ratsawa.

Hanya uku ake bi wajen haɗa su da tsirrai. Ta farko ita ce a sa ganye ya ƙera ƙwayoyin ƙarfe. Akan wanke ganye, a tafasa, a tace, sa'an nan a zuba ruwan cikin wani ruwa da aka narkar da gishirin azurfa, ko na zinariya, ko na tutiya, watau zinki. Cikin mintoci ko 'yan sa'o'i sai launin ruwan ya juye, na azurfa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, na zinariya ya koma ja mai duhu. Sinadaran ganyen ne suka fizgo ƙarfen daga cikin gishirin, suka dunƙule shi 'yan ƙanana, suka kuma lulluɓe kowace ƙwaya don kada su manne wa juna. Marinin da ya saba zuba baba da toka a karofi, yana duban launi da kumfa don ya san ko rini ya nuna, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Wannan dabara ta yi suna ne daga birnin Pune na ƙasar Indiya, inda Murali Sastry da abokan aikinsa suka yi ta da ganyen wani furen lambu a 2003, a 2004 kuma suka maimaita da ganyen darbejiya, wannan dai da ke ba da inuwa a ƙofar kowace makaranta a ƙasar Kano. A nan gida, Shaihun Malami Agbaje Lateef na Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomosho ya jagoranci kafa ƙungiyar binciken nano a 2014, kuma sun ƙera ƙwayoyin azurfa da ɓawon goro da na koko. An yi irin wannan da zogale da shuwaka a wurare da dama. Abin da ya jawo hankalin ƙasashe matalauta ga hanyar shi ne arha, don ba ta bukatar manyan injuna ko sinadarai masu guba.

Hanya ta biyu ita ce a ciro sinadarin magani daga tsiro, a ƙunshe shi cikin wani ɗan mitsitsin ƙunshi na kitse ko na ƙaro, don ya tsallake ruwan ciki ya isa jini lafiya. An fi yin wannan da sinadarin kurkum, wanda wasu ke kira gangamau, domin shi idan an ci haka nan kusan duk fita yake yi. Da wannan hanya ce kuma ake ta ƙoƙarin samar da insulin na haɗiya, tun da yake ciki narkar da insulin yake yi kamar nama, abin da ya sa har yanzu ba a haɗiye shi.

Hanya ta uku ta fi sauran ban mamaki. An gano cewa tsirrai da kansu suna ɗauke da wasu 'yan ƙunshe-ƙunshe na halitta masu girman nano a cikin ruwansu. Masana na Jami'ar Luwisbil a Amurka, a ƙarƙashin Huang-Ge Zhang, sun ciro su daga inabi a 2013, daga baya kuma daga citta. A nan ba a ƙara wani ƙarfe, ana matse ruwan ne a juya shi cikin na'ura da gudun gaske har ƙwayoyin su kwanta.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

Gwaji na farko cikin kwalba ake yinsa. A yawun mutum da hanjinsa akwai sinadaran da ke farfasa sitaci su mai da shi sukari. Idan aka rage musu hanzari, sukari ba zai yi tsalle cikin jini bayan cin abinci ba, kuma akwai maganin asibiti mai suna akabos da ke aiki ta wannan hanya. Rahotanni masu yawa sun nuna ƙwayoyin azurfa da na tutiya da aka ƙera da ganye suna danne waɗannan sinadarai cikin kwalbar gwaji, wani lokaci fiye da ruwan ganyen shi kaɗai.

Gwaji na biyu a jikin ɓeraye ne. A 2014, masana a Cibiyar Bincike ta Agharkar da ke Pune sun ba ɓeraye masu ciwon sukari ƙwayoyin tutiya na tsawon mako huɗu, suka ga sukarin jini ya ragu, insulin kuma ya ƙaru. Wannan bai zo da mamaki ba, don an daɗe da sanin cewa da tutiya jiki ke adana insulin. A 2022 kuma masanan Luwisbil suka ba da rahoton cewa ƙwayoyin citta sun kare ɓerayen da aka ɗora wa abinci mai kitse daga bijire wa insulin.

Gwaji na uku, wanda shi ne magana, a jikin ɗan Adam ne, kuma a nan ne labarin ya yi ƙaranci. A 2016 an ba da rahoton wani gwaji a birnin Mashhad na ƙasar Iran, inda aka raba masu ciwon sukari 70 gida biyu, aka ba kashi ɗaya kurkum na nano wata uku, aka ga sukarinsu ya ɗan sauka fiye da na sauran. Mutum 70 da wata uku kuwa ba su isa a yanke hukunci a kan cutar da ake zama da ita shekara talatin ba. Game da ƙwayoyin azurfa ko na zinariya da aka ƙera da ganye, babu wata hukumar magunguna da ake ji da ita a duniya da ta amince a ba mai ciwon sukari su. Wannan ita ce gaskiyar da ya kamata kowa ya riƙe.

Ba wai fasahar nano ɗin ce ba ta da tushe ba. Tun 1995 Amurka ta amince da wani maganin ciwon daji da aka ƙunshe ta wannan hanya, kuma wasu daga cikin alluran rigakafin korona na 2020 cikin ƙunshin kitse na nano aka zuba su. Sai dai kowanne daga cikinsu ya bi matakai kafin a sake shi.

DA SAURAN RINA A KABA

Babbar tambaya ita ce ina ƙarfen yake zuwa bayan ya gama aiki. Gwaje-gwaje a jikin dabbobi sun nuna ƙwayoyin azurfa suna taruwa a hanta da saifa da ƙoda. Mutanen da suka daɗe suna shan ruwan azurfa, fatarsu takan rine ta koma toka-toka mai shuɗi, kuma ba ta komawa daidai. Mai ciwon sukari kuwa kullum yake shan magani har iyakar rayuwarsa, ga shi ƙodarsa dama a cikin haɗari take. Jama'ar Arewa ba su manta abin da ya auku a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta hallaka yara fiye da 400. Dalma daban, azurfa daban, amma darasin ɗaya ne: ƙarfe idan ya yi laushi ya shiga jiki, fitarsa ba ta da sauƙi.

Kazalika matsalar awo ba ta kau ba tukuna. Tun da yake ganyen damina da na rani ba ɗaya ba ne, ƙwayoyin da suka ƙera ma sukan bambanta wajen girma da siffa. Magani kuwa ba ya zama magani sai an tabbatar na kwalbar yau da na kwalbar baɗi duka ɗaya ne.

Tarihin magungunan sukari ya isa ya koya wa kowa haƙuri. Metfomin, wanda shi ne ƙwayar farko da likita kan rubuta wa mai iri na biyu a asibitin Rano ko na London, asalinsa daga wani tsiro ne da mutanen Turai ke magani da shi tun zamanin da. Da aka ciro sinadarin tsiron sai aka tarar yana sauke sukari, amma yana da guba. A 1922 aka haɗa metfomin, sai a 1957 wani likita a Faris, Jean Sterne, ya gwada shi ga masu ciwo, Amurka kuwa ba ta fara sayar da shi ba sai 1995. Haka nan a 1835 aka ciro wani sinadari daga ɓawon itacen tuffa mai sa sukari fita ta fitsari, amma sai a 2012 maganin da aka ƙera bisa tsarinsa ya sami izini a Turai. A taƙaice, itace ya ba da hanya, awo da gwaji suka mai da shi magani. A bisa al'ada sabon magani yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15, kuma cikin goma da suka kai matakin gwaji ga mutane, wajen ɗaya ne ke tsallakewa.

Haɗarin da ya fi kusa da mutanen Rano da Kibiya shi ne na 'yan kasuwar bukata. Tun daga 2023 kuɗin magunguna ya yi tashin gwauron zabo a ƙasar nan. Magidancin da ke sayar da kwanon dawa don ya sayi ƙwaya, kowane wata, in ya ji lasifika a kan mota tana shelar maganin da zai raba shi da sukari cikin kwana bakwai, ba abin zargi ba ne in zuciyarsa ta karkata. Ba da daɗewa ba kuma kalmar nano za ta hau bakin masu wannan shela, in ma ba ta riga ta hau ba. Ya kamata a sani, dokar abinci da magunguna ta 1974 ta hana tallata wa jama'a wani abu da sunan yana warkar da ciwon sukari. Haka kuma lambar da hukumar NAFDAC ke ba maganin gargajiya a matakin farko shaida ce ta cewa an duba ba a ga guba a cikinsa ba, ba shaidar yana warkarwa ba ce.

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A

Ga mai ciwo, shawarar likitoci a fili take. Wanda ke kan insulin kada ya kuskura ya bari, domin mai iri na farko in ya daina allura kwanaki kaɗan sun isa su kai shi kushewa. Wanda ke haɗa ƙwayar asibiti da jiƙo ya gaya wa likitansa, don biyun suna iya haɗuwa su kā da sukari ƙasa fiye da kima, mutum ya yi gumi, ya yi rawar jiki, ya suma. Zogale da shuwaka da yaɗiya abinci ne masu kyau, a ci su a kwaɗo da miya, a rage lemon kwalba da shayi mai zaƙi, a riƙa tafiya a ƙafa, a kuma duba tafin ƙafa kowane dare. Wanda ya haura shekara 40, ko wanda ke da mai cutar a danginsa, ya je a ɗiga jininsa a na'ura tun kafin ya karya kumallo. In awo ya kai 126 ko ya wuce, aka sake aka kuma samun haka, to cutar ce. Aikin bai fi na minti biyu ba.

Ga hukuma kuwa, abu mafi sauƙi kuma mafi gaggawa shi ne a tabbatar kowane ɗakin shan magani a ƙananan hukumomin nan yana da na'urar awon sukari da takardunta, da kuma metfomin a farashin da talaka zai iya. Wannan zai ceci ƙafafu da idanu a bana, tun kafin wani sabon magani ya fito daga ɗakin gwaji.

Sai kuma batun itatuwan su kansu. Marke, wanda ake sassaƙa don magani, shi ne kuma masu gawayi suka fi so saboda ƙarfin garwashinsa. Danya da bagaruwa suna ta ja da baya a gonaki, wasu kuma sassaƙa ce ke kashe su, idan aka zagaye gindin aka kware ɓawon gaba ɗaya. Dattawan da suka san wane itace ne na wace cuta, da lokacin da ake ɗibarsa, suna ta ƙarewa, 'ya'yansu kuwa sun tafi birni neman kuɗi. Masarautar Rano, wadda tun watan Yuli na 2024 ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da za su iya sa ido a kan saran itatuwa, su kuma haɗa masu magani da malaman jami'a don a rubuta abin da suka sani da sunayensu.

Rubutawa da suna yana da muhimmanci, kuma akwai misali a gida. Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja ta samar da Niprisan, maganin amosanin jini, watau sikila, daga haɗin da wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, ya kawo mata, kuma an yi yarjejeniya da shi aka sa sunansa cikin masu haƙƙin maganin. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ita ma ta tanadi cewa duk wanda ya ci riba da tsirrai ko sanin wata al'umma, ya raba amfanin da ita. In har wata rana sassaƙen marke ko ganyen sabara ya zama ƙwayar da ake sayarwa a kantunan duniya, hujjar da mutanen Rano da Kibiya za su kafa ita ce abin da aka rubuta tun yanzu, da kuma itatuwan da suka bari a tsaye.

Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, don tunawa da haihuwar Frederick Banting, wanda shi da Charles Best suka gano insulin a birnin Toronto a 1921. Lokacin ya yi daidai da kaka, sa'ad da amfanin gona ya shigo gida, kasuwanni suka cika. Da hukumomin lafiya za su kafa tebur ɗaya na awon jini kyauta a kasuwar Rano da ta Kibiya a wannan mako, kusa da tabarmar dattijo mai saiwoyi, da mutane da yawa sun koma gida da sanin abin da ke jikinsu. Masu iya magana dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.